Gidan Makama na nan tsaye, mu a Gaya soro nawa muka bari?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, musamman 'yan uwana na Gaya da Ajingi.

Satin da ya wuce na je gida ɗaurin aure. Da aka shafa fatiha sai na ce bari in zaga ta tsohuwar unguwarmu in gaisa da mutane. Ina shan kwana sai na tsaya cak. Zauren da muka yi karatun allo a cikinsa babu shi. An share wurin, har an kafa harsashin shaguna uku na bulo. A gefe ga azarorin rufin an jibge, wani yaro yana faskara ɗaya da gatari za a kai cikin gida a hura wuta. Na ɗaga guda na duba, wallahi ko gara ba ta taɓa ta ba, baƙa wuluk, ga nauyi kamar ƙarfe. Azarar nan ta girmi mahaifina.

Ban ga laifin kowa ba fa. Mai gidan ya rasu, an raba gado, rufin ya shekara uku yana yoyo. Maginin da ya saba gyara shi ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa kuwa ɗaya yana jan Adaidaita Sahu a Kano, ɗaya yana buga bulo. Magada kuma suna bukatar kuɗin haya. Da ni ne a matsayinsu, wataƙila abin da zan yi ke nan. Amma a hanyar dawowa, tun daga Wudil har na shigo birni, tambaya ɗaya ce ke yi mini yawo a ka: me ya sa Gidan Makama, wanda shi ma da ƙasa aka gina shi, yake tsaye har yau, namu zauren kuwa ko shekara ɗari bai cika ba ya tafi?

Bari mu fara da gidan kansa, don na san da yawa daga cikinmu muna wucewa ta gabansa amma ba mu taɓa leƙawa ba.

Gidan Makama yana tsakiyar birnin Kano, daf da fadar Sarki. Tarihin da aka gada ya ce a ƙarni na 15 aka gina shi domin Muhammadu Rumfa, lokacin yana riƙe da sarautar Makama. Rumfa ya hau gadon sarautar Kano a 1463, ya yi mulki har 1499. Shi ne sarkin da ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwar birni, ya karɓi baƙuncin Shehu Magili, ya kuma gina sabuwar fada wadda har gobe sunansa take amsawa, wato Gidan Rumfa. Ana cewa a Gidan Makama ya zauna kafin a gama ginin fadar. Da ya tashi, gidan ya ci gaba da zama na masu riƙe da sarautar Makama. Bayan jihadi sarautar ta koma hannun Joɓawa, kuma Makama na cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Mu mutanen gabas ba baƙonmu ba ne, domin sarautar Makama da Wudil, maƙwabtanmu, sun daɗe tare.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Turawa suka ci Kano, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Da suka shigo suna neman inda za su zauna su gudanar da mulki, Gidan Makama na cikin wuraren da suka yi amfani da su a matsayin ofis. Daga baya aka kasa gidan uku: wani ɓangare ya zama makaranta, wani ya ci gaba da zama gidan Makama, wani kuma ya zama gidan ajiye kayan tarihi. A 1959, saura shekara guda a samu 'yancin kai, gwamnati ta sanya shi cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa waɗanda doka ta kare. Yau Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce ke riƙe da wannan ɓangaren. A ciki akwai ƙyamaren tsofaffin ƙofofin birni, da sulke da lifidi, da hotunan zamanin zuwan Turawa, da kayan sana'o'i, da ɗakin amarya irin na da.

To amma ni a wurina, babban abin kallo a gidan shi ne ginin kansa. In ka shiga, kafin ka kalli abin da ke cikin gilashi, ɗaga kai ka kalli rufi.

Ginin soro irin na ƙasar Hausa da tubali ake yin sa. Ba tubali mai kusurwa huɗu irin bulo ba. Ana samo jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta tsumu, a sake cuɗawa. Daga nan sai a mulmula ta da hannu, gindi da faɗi, kai a tsuke, a shanya a rana ta bushe. Wajen gini, magini yana zaune a kan katangar, yaransa suna jefo masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa. Yana jera su a tsaye, tsinin yana kallon sama, yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A gindin bango ana jera layi da yawa, ana hawa ana ragewa. Shi ya sa za ka ga bangon tsohon soro ƙasansa da kauri, samansa ya ɗan tsuke. Wannan shi ke ba shi ƙarfin tsayuwa.

Sai maganar rufi, kuma a nan gwanintar take. Azara ita ce ƙashin bayan soro. Daga giginya ake tsaga ta, kuma magina sun fi son namijin giginya wanda ya ƙosa, saboda tauri da kuma yadda gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Sai dai azara tana da iyaka. In aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, ba ta iya ɗaukar faɗin da ya wuce kimanin mita biyu ba tare da ta lanƙwasa ba. To yaya aka yi ake samun faffaɗan soro na fada, wanda zai ɗauki mutum hamsin ba ginshiƙi a tsakiya? Amsar ita ce bakan gizo.

Magini zai dasa azara a cikin bango ta ɗan karkato ciki. Ya ɗaure wata a kanta ta ƙara karkatowa, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Ya sake ɗora wata. Haka zai yi ta yi daga wannan bangon, yana yin irinsa daga bangon da ke fuskantarsa, har hannuwan biyu su haɗu a sama su zama baka. In aka yi irin wannan bakan daga gabas zuwa yamma, aka gitta wani daga kudu zuwa arewa, sai rufin ya kasu ƙananan gidaje waɗanda azara za ta iya rufewa. Shi ne ɗaurin guga, don ya yi kama da yadda ake gitta sanda a bakin guga. A tsakiya, inda bakunan suka haɗu, wani lokaci za ka ga an manna tasa ko faranti don ado. A kan azarorin sai a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daddaɓe, a karkata ta yadda ruwa zai gangara. In rufin ya yi tozo a tsakiya, tulluwa ke nan. Babu ƙusa ɗaya, babu rodi, babu siminti. Wanda ya ga yadda ake shirya azarori a rufin irin waɗannan soraye, wasu a jere wasu a gicciye kamar saƙar tabarma, ya san mutumin da ya yi aikin nan yana da lissafi a kai, ko da bai taɓa riƙe biro ba.

Daga waje kuma ga rawani, wato ɗan bangon da ya zagaye rufi. Ga zankwaye a kusurwoyi suna kallon sama, waɗanda suka zama alamar ginin Bahaushe a ko'ina. Ga indararo ya miƙo dogo, don ruwan rufi ya faɗi nesa da gindin bango. Kowanne da aikinsa. Zanko ado ne, amma nauyinsa yana danne kusurwar da ruwa ya fi ci, kuma magina sukan ɗaura igiya a jikinsa in za su yi yaɓe.

Tsarin gidan ma karatu ne. Daga titi zaure za ka fara shiga, inda mai gida ke karɓar baƙi, a yi karatu, a yi ɗaurin aure, a yi zaman makoki. Daga nan sai fili, sai wani soron, sai shigifa, kafin a kai cikin gida. Ƙofofin ba sa kallon juna, don kada na waje ya hango na ciki. Iya kusancinka da mai gida, iya zurfin da za ka yi. A gidan basarake irin Makama soraye suna da yawa, kowanne da irin mutanen da ake tsayarwa a cikinsa. Kaurin bangon kuma shi ne na'urar sanyaya ɗakinsu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ka shiga ɗaya daga cikin sorayen nan da azahar ka ji. Bangon yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakin sa sai dare ya yi. Da hunturu kuma ɗumin da ya tara shi ke riƙe ɗakin. Duk wanda ya taɓa yin barcin rana a ƙarƙashin kwano ba silin ya san bambancin.

Yanzu ga gaskiyar da ya kamata mu faɗa wa kanmu. In an ce Gidan Makama ya haura shekara 500, ba ana nufin ƙasar da kake shafawa yau ita ce wadda maginan Rumfa suka kwaɓa ba. Ginin ƙasa ba ya rayuwa haka. Kowace damina tana cin rabonta. An yi ta yaɓe, an yi ta sauke rufi ana sake ɗorawa, an rushe wani ɓangare an ta da wani. Shi kansa salon bakan gizo a ƙarni na 19 ya kai ƙololuwarsa, lokacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Abin da ya shekara 500 shi ne wurin, da sunan, da tsarin, da kuma ilimin da magini ke miƙa wa ɗansa. Wato gidan ya rayu ne saboda ba a taɓa samun wani dogon lokaci da ya rasa mai kula da shi ba.

Kuma kular nan ba ta magini kaɗai ba ce. Ku duba abin da ake shafe bango da shi don kada ruwa ya ci shi. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa ƙasa da ruwanta. Akwai laso, wanda shi ne simintin kakanninmu: katsi daga gindin rijiyar marina, a ƙona a daka, a haɗa da gashin jima daga majema, a zuba ruwan dafara mai yauƙi. Kun ga ke nan soro ɗaya yana tsaye ne a kan marini, da majemi, da mai saran giginya, da matar da ke tara ɓawon ɗorawa, da mai jakin da ke ɗebo ƙasa daga kududdufi. Ranar da marina ta mutu, laso ya mutu. Ranar da aka sare giginya aka yi gawayi da ɗorawa, azara da makuba sun yi tsada. Ranar da aka cike kududdufi aka yanka filoti, ƙasar gini ta yi nisa. Zaurenmu na Gaya ba damina ce kaɗai ta kashe shi ba, duk waɗannan ne suka taru a kansa.

Sai kuma maganin da ya fi cutar illa, wato siminti. Mutum ya ga bangonsa yana zaizayewa, sai ya kira mai filasta ya shafe masa da siminti, ya ce ya huta. Shekara biyu, uku, abin gwanin sha'awa. Amma siminti da ƙasa ba sa tafiya tare. Zafi da sanyi suna sa filastar ta tsage ta saki jikin bango. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, domin simintin ya hana bangon shan iska. Daga waje lafiya lau, daga ciki tubali ya zama kunu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan kuwa ruwa ne ke shiga, kuma ba ka ganin sa sai ranar da bangon ya zauna gaba ɗaya. Haka ma in maƙwabci ya ɗaga daɓensa da kankare, ko aka yi kwalbati ba a lura da inda ruwa zai bi ba, duk ruwan unguwa sai ya kwanta a gindin tsohon gini.

Kada a ce ina kururuta abu. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani ɓangare na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani da na ambata, ya rufto a kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. A farkon Satumba 2024 tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya rushe bayan ruwan sama mai yawa, mutane suna ɗauka a waya. A Kano kuwa ba ruwa ba ne ya ci Ƙofar Na'isa, a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. Ganuwar Kano kanta, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, kowa yana ganin yadda ake yankar ta. In manyan da duniya ta sani suna tafiya haka, ina ga zauren wani malami a Gaya?

Wannan ya kawo mu ga abu na biyu da ya tsare Gidan Makama, wato rubuta sunansa a doka. Tun 1953 aka yi dokar kare kayan tarihi a Najeriya, a 1979 kuma aka yi wadda ta kafa hukumar da ke kula da su yanzu. Ginin da aka ayyana, laifi ne a rushe shi ko a sauya masa kama ba da izini ba. Ba na cewa hukumar tana da isasshen kuɗi, duk wanda ya ziyarci gidajen tarihinmu ya san halin da ake ciki. Amma ku tuna inda gidan nan yake: tsakiyar birni, inda taku ɗaya na fili kuɗi ne masu yawa. Ba don takardar 1959 ba, wa zai iya rantsewa cewa yau ba jerin shaguna ne a wurin ba? Haka Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Shi ma ginin ƙasa ne, kuma yana nan saboda Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana cikinsa, akwai wanda za a tambaya in ya lalace. Matsalar ita ce jerin namu gajere ne ƙwarai. Shekara da shekaru gine-gine da wuraren da ke cikin jerin ƙasa ba su wuce 65 ba, a ƙasa mai girman Najeriya.

Ku kwatanta da Ingila. Bayan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun cinye musu gine-gine masu yawa, sai suka yi dokoki a 1944 da 1947 waɗanda suka wajabta wa gwamnati ta rubuta jerin duk ginin da ke da muhimmancin tarihi ko na fasaha. Yau abin da ke cikin jerin ya haura 370,000. Sun kasa su mataki uku, kuma fiye da tara cikin goma suna mataki na ƙasa ne. Ma'ana yawancinsu ba fadoji ba ne. Gidajen mutane ne a ƙananan garuruwa masu cin kasuwar mako, irin Gaya: gidan wani ɗan kasuwa, shagon maƙeri, rumbun manomi. Masu su suna ciki suna rayuwarsu, suna sayarwa, suna gada. Abin da doka ta ce kawai shi ne, kafin ka rushe ko ka sauya wani abu da ya shafi kamannin ginin, sai ka nemi izinin ƙaramar hukuma. Kuma wani abin da zai ba ku mamaki, su ma suna da gidajen ƙasa. A yankin Devon akwai dubban gidaje da aka gina da laka da ciyawa, wasu sun shekara ɗaruruwa, kuma ana sayen su da tsada. Darasin da maginansu suka koya shi ne irin namu: a tsare kan gini da gindinsa daga ruwa, kuma kada a shafe shi da siminti.

In kuma Ingila ta yi mana nisa, ga Jenne a ƙasar Mali. Babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka gina a 1907, kowace shekara gari gaba ɗaya ke fitowa a yaɓe shi. Samari suna ɗauko laka, mata suna kawo ruwa, magina suna hawa kan itatuwan da aka bari sun leƙo daga jikin bango. Aikin gayya ne irin wanda muka sani a gona, sai dai su sun mai da shi biki, har baƙi na zuwa kallo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu mu dawo gida. Mu mutanen Gaya ba ma gajiya da faɗin cewa daga wurinmu Kano ta samo asali. Tarihin baka ya ce maƙera ne suka taso daga Gaya suna neman tama suka sauka a Dala, kuma har yau ana kiran zuriyarsu Abagayawa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Agalfati, Sarkin Gaya, a zamanin Sarki Yakubu, mahaifin shi Rumfan. Ya ambaci Sarkin Gaya Farin Dutse wanda ya yi wa Sarki Dadi tawaye. Ya ce mahaifiyar Sarki Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, mutuniyar Gaya ce, kuma a zamaninsa Gaya na cikin garuruwan da aka yi wa ganuwa. Duk wannan abin alfahari ne. Amma in baƙo ya ce mana to ku nuna mini, me za mu nuna masa? Wane yaro ne a Gaya yau zai iya bin sawun ganuwar nan da ƙafa ya ce ta nan ta bi, ga inda ƙofa take? Gani ya kori ji.

Tun 2019 muke ta muhawara a kan masarauta. An ɗaga darajar Gaya a 2019, an soke a Mayun 2024, a Yulin 2024 aka dawo da ita a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Kowa yana da ra'ayinsa, kuma ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da nake cewa shi ne, duk hujjar da ɓangarorin biyu ke kafawa da ita tarihi ce. To shi tarihin da muke ta cacar baki a kansa, ga shaidunsa can ana faskarawa ana dafa tuwo. Darajar sanda gwamnati ce ke bayarwa, wata ta zo ta karɓe, mun gani da idonmu. Soron da aka rushe kuwa babu majalisar da za ta zauna ta dawo da shi.

Na san abin da wani zai ce: kai kana birni cikin gidan bulo, kana so mu zauna cikin ƙasa ta rufto mana? Maganarsa tana kan hanya. Duk damina muna jin labarin gini ya faɗa wa iyali, kuma rai ya fi kowane tarihi. Ba na cewa kowa ya koma ginin ƙasa, ba na kuma cewa a hana magada cin gadonsu. Gari ba ya zama gidan kallo. Abin da nake roƙo ƙarami ne: a zaɓi kaɗan a tsare su da kyau.

Ga yadda nake ganin za a fara, ba sai an jira Abuja ba. Masarauta ta sa dagatai da masu unguwanni na Gaya da Ajingi da Albasu su kawo sunayen tsofaffin gine-ginen da suka rage a yankunansu: zauren gidan sarauta, tsohon masallaci, makarantar allo, maƙera, rijiyar marina, guntun ganuwa. Ɗalibanmu da ke karanta zanen gine-gine da tarihi a Wudil da Kano su zo hutu su auna, su ɗauki hoto, su zauna da dattawa su naɗi bayanin wanda ya gina da lokacin da aka gina. Ko ginin ya faɗi daga baya, aƙalla an san yadda yake. Irin wannan aikin ne wani masanin gini ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana yi a Najeriya, kuma da awon da ya ɗauka aka gina kwafin Masallacin Zariya a gidan tarihi na Jos. Daga cikin jerin a ware ko goma ne, a yi yarjejeniya da masu su: ba za a rushe ba sai an sanar, ita kuma ƙaramar hukuma ko ƙungiyar ci gaban gari ta ɗauki nauyin yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Kuɗin wannan bai kai na fentin ƙofar sakatariya ba. Sannan a nemo tsofaffin maginan da suka rage, a ba su aikin, a haɗa su da yara su koya, a biya su da daraja. In babu wanda ya iya ɗaurin guga, jerin sunaye takarda ce kawai. Masu gonaki kuma, don Allah a bar giginya da ɗorawa su tsaya, a dasa sababbi. Giginyar da za ta ba da azara mai kyau sai ta shekara da yawa, wanda ya dasa ba shi zai sara ba.

Kafin in baro unguwar ranar nan, na roƙi yaron ya bar mini azara ɗaya. Ya yi dariya, ya ce Baba me za ka yi da ita? Na ce ajiyewa zan yi. Tana nan a jingine a bayan ɗakina, ita kaɗai ta rage daga ɗakin da na koyi baƙi da wasali.

Wanda ya san wani tsohon soro ko zaure ko masallacin ƙasa da ke tsaye a garinsu, daga Gaya har Ajingi har Albasu, ya faɗi sunan garin da unguwar, in da hali ya ɗauko hotonsa ciki da waje, musamman rufin. Mu fara jerin da kanmu. Wanda kuma yake Kano bai taɓa shiga Gidan Makama ba, ya ɗauki 'ya'yansa ranar hutu ya kai su, ya ce su ɗaga kai.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka gina, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.